Lambu a Gidan Haya: A Lissafa Ruwa Kafin a Sayi Iri

Jawabin da 'yan ƙungiyar lambu suka yi a taron zumunta na mata da matasa a Sabon Gari, Kano. An buga shi a nan domin 'yan'uwan da ba su sami zuwa ba.

  An ce mu yi magana a kan shuka ganyen miya da kayan lambu a gida. Mu ba malaman gona ba ne. 'Yan haya ne mu kamar yawancinku, waɗansunmu a Sabon Gari, waɗansu a Fagge. Mun kashe shuka da yawa kafin mu koyi rayar da kaɗan, abin da muka koya kuwa shi za mu faɗa.

Bari mu fara da abin da ya kawo maganar. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu 2023, kowace mace mai shiga Yankura ko kasuwar Sabon Gari ta ga yadda kuɗin cefane ya koma. A watan Yuni 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a kan ta shekarar da ta wuce. Ba sai hukuma ta gaya mana ba, tukunya ta riga ta faɗa. Abin da muka lura shi ne, sa'ad da kuɗi ya gaza ba tuwo ake ragewa ba, miya ake ragewa. Ganye ne yake fara fita daga tukunya, a bar yara da ruwan daddawa da gishiri. Ganyen nan kuwa shi yake ɗauke da sinadarin ƙarfe mai gina jini da bitamin A mai taimakon ido, mace mai ciki da yaron da aka yaye su suke fara jin rashinsa.

Kada wani ya fita daga nan ya ce mun yi alkawari lambun buhu zai ciyar da gida. Ba zai ba ku hatsi ba, ba zai biya kuɗin makaranta ba. Abin da zai iya shi ne ya mai da ganye cikin miya sau uku ko huɗu a mako ba tare da an kwance bakin zane ba. A ganinmu wannan ya isa dalili.

Yawancinmu daga wuraren da garka take bayan kowane ɗaki muka fito, ko daga Kudancin Kaduna, ko Filato, ko Tangale, ko Zuru, ko ƙauyukan Sumaila da Tudun Wada, ko ƙasar Ibo da ta Yarabawa. Iyayenmu ba su sayi yakuwa da kuɗi ba. Amma nan wurin dabam ne. Fagge tun asali zango ne, inda ayarin Buzaye da Larabawa masu ƙetare Sahara suke sauke raƙuma a bayan ganuwa. Sabon Gari kuma an yanka shi wajen 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, domin baƙi ma'aikata da 'yan kasuwa. Unguwannin biyu duk na masauki ne, ba a shata su da gona ba. Yau fulotin da aka yanka domin iyali ɗaya ɗakuna goma sha ne a kansa, tsakar gidan kuma an malale ta da siminti. Shi ya sa in aka yi zancen lambu, amsar farko ita ce, "Ina fili?"

Mu ma haka muka ce. Sai daga baya muka gane fili ba shi ne matsalar ba. Buhu ɗaya bai fi wurin da turmi yake ci ba. Abin da yake kashe lambun ɗan haya a Kano shi ne ruwa, domin haka a kan ruwa za mu daɗe.

Ga lissafin. Jarkar da 'yan garuwa suke kawowa lita 25 ce. A abin da muka gani, buhun da ganye ya cika yana shan wajen lita 2 a rana a lokacin hunturu, a bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, yakan sha ninkin haka. Buhu biyar ke nan lita 10 a hunturu, lita 20 a bazara, kusan jarka guda kullum. Ɗaya daga cikinmu, da zafin farawa, ta jera buhu ashirin. Da Afrilu ta shigo sai ga ta tana sayen jarka uku a rana domin alayyahun da kuɗinsa a kasuwa bai kai na jarka ɗaya ba. Maigidanta bai ce kome ba, sai ya riƙa tambayarta ko alayyahun ya fara zuwa makaranta, tun da ya fi yaran cin kuɗi. Ta bar sha biyar suka bushe.

To ina ruwan zai fito? Daga wanda muke zubarwa. Ruwan wanke shinkafa, da na wanke wake, da na wanke gero ko masara kafin a kai niƙa, da na wanke ganye da tumatir, da ruwan ɗauraye kwano na ƙarshe wanda babu kumfa a cikinsa. Gidan da ake girki sau biyu a rana yana watsar da irin wannan ruwa mai yawa a kwata bai sani ba. Ku ajiye bokiti ɗaya kusa da murhu, ku riƙa tara shi har kwana uku, ku auna. Abin da bokitin ya nuna shi zai gaya muku yawan buhun da za ku iya. In lita shida kuke tarawa a rana, buhu uku ne rabonku, kada ku yi na huɗu. Da ruwan ciki akan ja na rijiya. Kada kuma ruwan ya kwana biyu a bokiti, zai yi tsami ya kira ƙuda, a zuba shi ran da aka tara.

Akwai ruwan da ba a ba shuka. Ruwan omo da na bilic suna ɗauke da gishirin da yake taruwa a ƙasa, bayan 'yan makonni sai ku ga bakin ganye ya ƙone, fari-fari ya fito a saman ƙasar. A gona ruwan sama yakan wanke wannan, a buhu kuwa babu inda zai tafi. Ruwan da aka dafa taliya da gishiri shi ma haka, da ruwa mai maiƙo. Ruwan wankin kayan jariri da na banɗaki kuwa ba ma sai mun faɗa ba.

Sai ruwan kwata. Mun san dalilin da ya sa mutum yake kallonsa, gama kyauta ne, yana wucewa ta ƙofar gida dare da rana, kuma duk wanda ya bi ta gadar Jakara ya ga yadda latas da alayyahu suke yin kore shar a bakinsa. Rafin Jakara daga cikin birni yake fitowa, ya kwashe ƙazantar unguwanni da ta mahauta, can gaba ya haɗu da Getsi wanda yake ɗauko ruwan masana'antun Bompai, su tafi tare har madatsar Wasai a Minjibir. A 2003 waɗansu masu bincike, cikinsu har da Adamu Tanko na Jami'ar Bayero, sun wallafa abin da suka gano a lambunan cikin Kano, suka nuna ruwan da ake ban ruwa da shi a irin waɗannan wurare gurɓatacce ne ƙwarai. Ba zargin masu lambun muke yi ba. Talakawa ne masu neman abinci, ba su suka zuba dattin ba, kuma da su garin nan yake cin ganye. Amma mu a gida muna da zaɓi.

Dattin iri biyu ne, ya kamata mu bambanta su. Akwai ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki, masu kawo kwalara da taifot da gudawa. Waɗannan wanki mai kyau yana rage su, dafuwa tana kashe su, shi ya sa latas da kabeji da ake ci ɗanye suka fi ganyen miya haɗari. Ba mu manta da kwalarar 2021 ba, wadda Kano tana cikin jihohin da ta fi taɓawa. Sai kuma guba ta ƙarfe, irin su dalma da kuromiyom na masana'antun jima. Wannan saiwa take sha ta kai cikin ganye, wanki ba ya fitar da ita, wuta ba ta kashe ta, ba ta kuma da ɗanɗano. Wanda ya yi lambu a gida ya ba shi ruwan kwata, ya sha wahala ne kawai ya kawo wa 'ya'yansa abin da ya gudu daga gare shi.

Damina ma tana da nata. Ruwan indararo kyauta ne mai kyau, a bar na farko ya wanke ƙurar kwano tukuna, a tari na baya, a rufe duro domin sauro. Amma ku da kuke zaune a layukan da ruwa yake kwanciya kun san yadda lambatu yake cika a Agusta ya shigo tsakar gida. Buhun da yake zaune a ƙasa zai sha wannan ruwa ta gindi. Ku ɗora kowane buhu a kan bulo biyu. Wannan zai kuma raba shi da zafin siminti a bazara.

Yadda ake ba da ruwan shi ma ilimi ne. Da sassafe ko da yamma, a gindin shuka, ba a kan ganye ba. Kafin ku zuba, ku tsoma yatsa a ƙasa har gaɓa biyu, in da laima ku bari sai gobe. Sababbin masu lambu sun fi kashe shuka da yawan ruwa fiye da ƙarancinsa, saiwar ta ruɓe, ganye ya yi rawaya, su kuwa su ɗauka ƙishi ne su ƙara. Ku rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa, rana ba za ta shanye laimar da wuri ba. Mai zuwa aiki tun safe sai dare yana iya huda murfin robar ruwa, ya cika ta, ya kifa ta cikin ƙasa, ta riƙa ɗiga a hankali.

Yanzu ƙasa. Tun zamanin kakanni manoman kewayen Kano suke zuwa da jakuna su kwashi shara da toka da kashin dabbobi daga cikin birni su kai gona, da haka gonakinsu suka yi ɗaruruwan shekaru ana noma su kowace damina. Shi ya sa har yau mutane suke cewa ƙasar bola ta fi kowace ƙasa. Baƙa ce, shuka tana sonta, gaskiya ne. Amma bolar da, ganye ce da toka da kashin awaki. Bolar yau akwai mataccen batir, da leda, da kwalba, da allurar asibiti, da ragowar fenti. Batirin mota dalma ce a cikinsa. Abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga dutsen zinariya ta shiga ƙasar gidaje ta kashe yara fiye da 400, ya koya mana cewa dalma in ta shiga ƙasa zama take yi, kuma ƙananan yara take fara kamawa. Kada ku ɗebi ƙasa a bola, ko bakin garejin kanikawa, ko inda ake fasa batir, ko laƙar da aka yashe daga kwata aka tara a bakin titi, ko da kun ga tumatir ya tsiro a kanta da kansa.

Ku nemi ƙasar gona. Mai ɗan'uwa a bayan gari, ko mai zuwa gida ƙarshen wata, ya taho da buhu ɗaya ko biyu. Mukan haɗa kashi biyu na ƙasa da kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki. In ƙasar mai danƙo ce, irin ta fadama, a ƙara yashi domin ruwa ya riƙa wucewa. Ku riƙe kalmar nan, ruɓaɓɓe. Kashin awaki da na tumaki ba shi da wuyar samu a Fagge, kusan kowane layi akwai mai kiwo, sau da yawa ma murna zai yi a kwashe masa. Amma ɗanye yana ƙona saiwa, na kaji ya fi kowanne zafi. Shekararmu ta farko mun zuba ɗanyen kashin kaji a kan tsiron tattasai, kwana uku suka kwanta kamar an zuba musu tafasasshen ruwa. Ku tara shi a tsohon buhu, ku yayyafa ruwa, ku ɗaure, ku riƙa juya shi har wata biyu ko uku, sai ya yi baƙi, ya daina wari, ya daina ɗumi. Takin zamani kuwa, in za a sa, cikin murfin kwalba ɗaya ya ishi buhu, a binne shi nesa da kara a bi shi da ruwa.

Abin zubawa ba sai mun daɗe a kansa ba. Buhun shinkafa, fasasshen bokiti, tsohuwar jarkar mai da aka yanka aka wanke, duk suna yi, muddin an huda gindin. Ban da galan ɗin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko baƙin mai. A unguwar Kibera ta Nairobi, inda matsi ya fi namu, mata sun daɗe suna tsai da dogon buhu, su jera tsakuwa a tsakiyarsa daga ƙasa har sama domin ruwa ya sauka, su tsaga gefe-gefe su dasa ganye a jikinsa. Mun gwada, yana yi, amma ga mai farawa rabin buhu da aka naɗe bakinsa ya fi sauƙi. Rana tana cin buhu, da wuya ya wuce shekara.

Kafin ku ajiye shi, ku yi kwana ɗaya kuna kallon inda rana take faɗa a gidanku. Benaye sun yi yawa a Sabon Gari yanzu, waɗansu tsakar gida ba sa ganin rana sai tsakar rana. Abin da yake yin 'ya'ya, kamar tattasai da kuɓewa, yana son rana ta sa'a shida. Ganye yana haƙuri da huɗu. Sa'an nan ku yi wa mai gida magana, ku yi wa maƙwabta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mun ga lambun da aka watsar a titi saboda ruwansa ya jiƙa bangon maƙwabciya, mun ga wanda ya jawo gaba ta shekara saboda ya tare hanyar shanya. Ku janye buhu daga jikin bango, kada ku tara masu nauyi a barandar bene ko a kan rufi, kuma ranar da kuka yi yankan farko, ku ɗebi damin ganye ku miƙa wa ɗakin kusa, ko wace ce, ko daga ina take. Maƙwabciyar da ta ci alayyahunki ita za ta kore miki akuya ranar da ba kya nan.

Me za a shuka? Shawararmu ita ce a fara da abin da ake yanka ya sake tohowa. Alayyahu shi ne malamin mai koyo. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, a gauraya shi da yashi a yayyafa, a rufe da ƙasa kaɗan. Kafin mako ya tsiro, a sati na huɗu ko na biyar an fara ci. In ya yi cunkoso a cire waɗansu a sa a miya, sauran kuma kada a tuge, a yanka a bar kamar tsawon yatsa huɗu, zai fito da rassa. Lalo, wato ayoyo, ewedu na 'yan'uwanmu Yarabawa, yana da taurin kai wajen tsira saboda ɓawon irinsa. A ƙulle irin a tsumma, a tsoma shi a ruwan da aka sauke daga wuta yana tafasa, a ƙirga goma a fitar, a shanya ya sha iska, sa'an nan a shuka. Yakuwa da rama ba sa neman lele, su ne suka fi jure ƙishi.

Waɗansu ba sa bukatar iri ko kaɗan. Shuwaka, onugbu na Ibo, reshe ake yanka mai kaurin yatsa a soka a ƙasa mai laima, gindi ɗaya zai yi shekaru yana ba da ganye. Ɗaɗɗoya, wadda waɗansu suka sani da efirin ko nchanwu, a sa reshenta a kofin ruwa, in ta yi saiwa a dasa, a riƙa tsinke furenta domin ta ci gaba da ganye. Na'a-na'a tana son inuwa-inuwa, a ba ta kaskonta ita kaɗai gama tana cinye wuri. Gindin albasa mai lawashi da muke yankewa mu yar, a maishe shi ƙasa, zai sake ba da lawashi. Zogale kuma, ko iri ko reshe, a babban bokiti, in ya kai ƙugu a tsinke kansa domin ya yi rassa maimakon ya miƙe sama inda hannu ba ya kai. Ba ya son ruwa ya kwanta masa.

Mun san masu son ugu suna jira. Yana yi a Kano, amma da damina, kuma mashayin ruwa ne. Irinsa ba ya ajiyuwa, in ya bushe ya mutu, domin haka a shuka shi da an fasa ƙwaryar, a ɗaura masa igiya ya hau. Kuɓewa ma ta damina ce da lokacin zafi, a jiƙa irin ya kwana, gindi biyu a buhu, wajen wata biyu ta fara 'ya'ya, a riƙa tsinka bayan kwana biyu kafin ta yi ƙarfi. Attarugu da tattasai a rene su a ƙaramin kwano tukuna, a dasa bayan mako biyar ko shida. Suna da jinkiri, amma gindin attarugu ɗaya mai lafiya yakan daɗe yana bayarwa.

Sai tumatir, wanda kowa yake so ya fara da shi. Mu dai muna cewa a bar shi sai shekara ta biyu. Tumatir ɗan sanyi ne. In zafin rana ya wuce awo 35 furensa zubewa yake yi, Kano kuwa a Afrilu takan kai 40. Mun shuka shi a Maris, ya yi tsawo, ya yi ganye, ya yi fure, bai ba mu ko ƙwaya ɗaya ba. Lokacinsa shi ne a rene shi a Oktoba ko Nuwamba, a dasa bayan mako uku ko huɗu, ya nuna cikin hunturu. To amma wannan lokacin ne tumatirin Kadawa da Kura yake cika Yankaba, kwando ya yi arha. Sa'ad da yake tsada kuwa, daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina, a lokacin ne ya fi wuyar yi a gida. Ga kuma ƙwaron nan da manoma suke kira sharon, wanda asalinsa daga Amurka ta Kudu ne, wanda ya cinye gonakin tumatir a Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna a 2016, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kansa. Manyan manoma ma kuka suke yi da shi. Dabarar iyayenmu ta fi: a saya lokacin arha, a yanka a shanya a wuri mai tsabta, a yi kauɗa a ajiye. Ruwan da za ku ba tumatir ku ba ganye. Wanda ya nace, ya nemi iri irin su UC82B ko Roma, ya kafa masa sanda. Latas da karas da kabeji su ma 'yan hunturu ne.

Iri kuwa, a yi hattara. An taɓa sayar mana da fakiti mai hoto mai kyau wanda ya sha rana a kan tebur, ko ɗaya bai fito ba. Kafin ku shuka, ku ɗauki ƙwaya goma ku naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ku duba bayan kwana biyar ko mako. In bakwai sun tsaga, irin yana da rai. In biyu ne, kada ku ɓata ruwanku. Alayyahu da lalo da kuɓewa da yakuwa, ku bar gindi ɗaya ya tsufa ku ɗebi irinku. Amma irin da aka yi wa aure a kamfani, wanda ake rubuta F1 a fakitinsa, 'ya'yansa ba sa kama da uwarsu, sai an sake saye. Mai tambayar da ta fi ƙarfinmu, akwai malaman gona na hukumar KNARDA.

Maƙiyan lambun tsakar gida ba su ne na gona ba. Kaji ne, da akuya, da ɓera, da ƙadangare mai cinye tsiro ran da ya fito, da ƙwallon yara. Tsohon gidan sauro da ya yage ya isa ya kare su. Mun ce wanda ya yage, kada a cire wanda yake kan gadon yara. Tsutsa a tsince ta da hannu da sassafe, a duba bayan ganye, gama can take ɓuya. In darɓa ko farin ƙuda sun yi yawa, ga darbejiya ko'ina a garin nan. A tsinci busassun 'ya'yanta, a ɓare, a daka kamar gram 50, wato cikin hannu mai kyau, a jiƙa a lita ɗaya ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu kaɗan, a fesa da yamma. Ba ta kashe ƙwaro nan take, hana shi ci take yi, domin haka a maimaita bayan mako, a kuma wanke ganyen sosai saboda ɗaci.

Abu ɗaya muke roƙonku, iyayenmu. Kada fiya-fiya ko Sniper su kusanci ganyen da za a ci. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper barkatai a kasuwanni da kantuna saboda rayukan da ya ci. Ganyen gida yau ake fesawa gobe a yanka, babu kwanakin jira da manomi yake bari kafin ya girbe. Ga yara suna rarrafe a gindin buhun. In ƙwari sun fi ƙarfin buhu, a tuge shukar a yar, a shanya ƙasar a rana mako biyu, a sa wani abu dabam. Asarar ba ta wuce ta damin ganye ba.

Mama shugaba ta ɗaga mana hannu, lokaci ya ƙure. Roƙonmu ga dattawa shi ne a ba mu ɗan lungun nan na bayan ɗakin taro mu riƙa renon iri a ciki, matasa sun yarda za su karɓi ban ruwa bi da bi. A taro mai zuwa za mu zo da irin alayyahu da lalo da yakuwa, da rassan shuwaka da ɗaɗɗoya, kyauta. Mai tsohon buhu ta kawo, mai kashin awaki ta gaya mana mu aiko yara su kwasa. Kowace ta auna ruwan bokitinta na kwana uku ta zo da lissafin, gama da shi za mu raba irin. Wadda za ta karɓi reshen shuwaka kuma ta taho da jiƙaƙƙen tsumma, reshen ba ya son ya kwana a bushe.